Yaron Da Ake Cuta A Gida: Jawabi Ga Malamai A Kurya Madaro



Abin da ya tara mu yau shi ne yaron nan da kan zo aji da tabo a jiki, in an tambaye shi ya sunkuyar da kai ya ce faɗuwa ya yi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Malamin da aka ɗora wa aikin ba yara shawara, shi ya kamata ya fara lura.

Kada wani ya zaci abin kaɗan ne. Cikin shekarar 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta bincika ta tarar yara shida cikin goma a Nijeriya an ci zarafinsu kafin su kai shekara 18. Waɗanda suka sami taimako kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba. Mu nan ga ƙarin nauyi: 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a ƙasar Zurmi da Shinkafi, yara da yawa suna riƙo a hannun dangi, waɗansunsu marayu ne.

To, horo daban, cuta daban. Wanda ya ɗaure yaro, ko ya ƙona shi, ko ya hana shi abinci, lalle ya wuce horo.

In yaro ya buɗe baki, a ja shi gefe a saurara. Kada a tsare shi da tambayoyi kamar a gaban alƙali. Yarinya kuwa, a bar ta da malama. Kada a yi alkawarin rufe maganar, domin alkawari ne da ba zai ciku ba. A rubuta abin da ya faɗa, da bakinsa, a sa kwanan wata.

Ga inda malamai na kirki kan yi kuskure: sai su aika a kira wanda ake zargi, wai a sasanta. Taro ya watse, yaron ya koma gidan nan da daren nan, ga laifin tona asiri a kansa! A'a. A fara sanar da hedimasta, sa'an nan jami'in jin daɗin jama'a na Ƙaramar Hukumar Ƙauran Namoda. Doka tana bayanku, gama Jihar Zamfara ta kafa dokar kare yara cikin 2022.

In fyaɗe ne, kada a tsaya jiran shawarar dangi. A sanar da 'yan sanda, a kai yaron asibiti kafin kwana uku su cika, don maganin rigakafin cutar ƙanjamau ba ya amfani in an wuce awa 72.