Gayyar Iyaye Domin Matasanmu Masu Taɓuwar Hankali: Jawabi a Taron Shekara



Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa. Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu, muna kuma godiya ga ƙungiya da ta ba mu wannan dama.

A tarukan baya mun tattauna batun rijiyar burtsatse da gyaran ajujuwa da takin zamani. Bana muna roƙon aron kunnuwanku kan wani lamari da yake cikin gidajenmu amma ba ma kawo shi dandali, wato taɓuwar hankali a tsakanin matasanmu.

Mun sha ganin yadda abin yake farawa. Yaron da muka koyar, mai ladabi da ƙoƙari, sai ya kwana uku bai runtsa ba, ya daina zuwa gona, ya riƙa magana shi kaɗai, ko ya ce ana bin sa za a kashe shi. Wani ƙwaya ce ta jawo masa, wani kuwa ko taba bai taɓa sha ba. Ga shi a ƙasarmu gida na jikin gida, gona na jikin gona, abin da aka faɗa a zaure da hantsi ya kai kasuwa kafin azahar. Shi ya sa uba yakan kulle ɗansa a ɗaki don gudun kada a fasa auren ƙannensa mata, uwa kuma ta yi ta kuka a ɓoye. Daga nan sai gidan mari. Ba mu manta da abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a shekarar 2019 ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da sarƙa a ƙafa.

Alhali kuwa magani bai yi mana nisa ba. Asibitin masu taɓuwar hankali yana nan Dawanau, garin da muke kai hatsinmu kasuwa, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen wannan larura. A watan Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi a yi wa mai larurar magani cikin mutunci. Abin da muka rasa shi ne mai kama hannun iyaye ranar da abin ya auku.

Jama'a, wane ne ya fi dacewa da wannan aiki in ba wanda ya taɓa ɗanɗanawa ba? Tun a 1954 Dakta Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti karɓar magani. Ya nuna cewa dangi da maƙwabta suna da babban rabo a cikin samun sauƙi.

Don haka muna ba da shawara ƙungiya ta kafa gayyar iyaye, maza da mata waɗanda 'ya'yansu suka yi wannan ciwo suka samu sauƙi. Uwa ta zauna da uwa, uba da uba. Su raka su asibiti, su karɓi kwanan jinya, su tuna musu kada a daina magani don an ga sauƙi sai likita ya ce. Idan yaro ya fara maganar halaka kansa, a kawar da fiya-fiya da maganin feshi da igiya, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi asibiti a ranar. Su ba likitoci ba ne, kuma addu'a ba ta hana asibiti, asibiti ba ya hana addu'a. Babban sharaɗi shi ne riƙon sirri.

Mu kuma sauran, mu ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da magani. Idan damina ta tarar da magidanci yana jinya, mu fita mu nome masa gonarsa kamar yadda iyayenmu suka saba. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.