A ina aka binne kakan kakanka? Daga kabarin Clapperton zuwa maƙabartun Daura

Tambayar yau gajera ce: kakan mahaifinka, wace shekara ya rasu, kuma a ina aka binne shi? Yawancinmu sunan ma sai mun yi jim kafin ya zo. Zan fara da labarin wani mutumin Sikotland da ya mutu a ƙasar Hausa kusan shekara 200 da suka wuce, don mu ga yadda ake bin sawun mutuwa da kabari, sannan mu dawo gida Daura.

Sunansa Hugh Clapperton, an haife shi a garin Annan a 1788, sojan ruwan Birtaniya ne. Zuwansa na farko ta Tarabulus ya biyo, ya ratso Sahara zuwa Borno, ya shiga Kano a watan Janairu 1824, ya isa Sakkwato a watan Maris ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da zai koma ya bi ta Katsina. Abdullahi ake kiransa a tafiyar. Zuwa na biyu ta teku ya zo, ya sauka Badagiri a ƙarshen 1825, ya hauro har Sakkwato. Sai ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Shehun Borno al-Kanemi, ga shi kuma yana ɗauke da wasiƙa zuwa ga Shehun. Aka hana shi wucewa. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu ranar 13 ga Afrilu 1827, wato tsakiyar watan azumi na shekarar 1242 bayan hijira, yana da shekara 38.

To, ka ɗauka kai ɗan zuri'ar gidansu ne, kana zaune a Sikotland yau, kana son sanin inda aka binne shi. Ina za ka dosa?

Mutanen can suna da shafin intanet na gwamnati mai suna ScotlandsPeople, inda aka zuba takardun haihuwa da aure da mutuwa. Amma rajistar dole ta gwamnati sai ranar 1 ga Janairu 1855 aka fara ta. Daga nan takardar mutuwarsu ta zama abin sha'awa: sunan mamaci, shekarunsa, sanadin mutuwa, sunan ubansa, sunan uwarsa har da sunan gidan da ta fito. Daga 1855 zuwa 1860 ma har wurin da aka binne mutum ana rubutawa. Kafin 1855 kuwa littattafan coci kawai ke akwai, kuma ɓangaren mutuwa shi ne ya fi rauni a cikinsu, wasu garuruwan ba su rubuta komai ba. Kun san abin da masu bincike ke kamawa? Coci tana da wani mayafi da ake lulluɓa akwatin gawa da shi, haya ake bayarwa. Ma'ajin coci sai ya rubuta a littafin kuɗi cewa ran kaza an karɓi kaza, hayar mayafi na wane. Shi lissafin kuɗinsa yake yi, bai san tarihi yake ajiyewa ba. Mutane da yawa wannan layi ɗaya shi ne kaɗai shaidar cewa sun mutu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Duk wannan ba zai ba ka Clapperton ba, tunda ya mutu kafin rajista, kuma a ƙasar da ba tasa ba. Abin da ya ceci labarinsa mutum ɗaya ne, yaronsa Richard Lander, matashi ɗan Ingila wanda ya yi jinyarsa. Lander ne ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya ba da izinin binnewa, aka ɗora gawar a kan raƙumi aka lulluɓe ta da tutar Birtaniya, aka kai ta wani ƙauye mai tazarar kamar mil 5 kudu maso gabas da Sakkwato. Shi kaɗai ya karanta addu'ar addininsu a bakin ramin, ya kuma biya mutanen ƙauyen su yi ɗan gini a kan kabarin. Ya kwashi takardun maigidansa ya koma Ingila, aka buga su a 1829.

Sunan ƙauyen fa? Lander ya rubuta shi "Jungavie". Je ka tashar mota a Sakkwato ka ce a kai ka Jungavie, ka ga kallon da za a yi maka. Kunnen Bature ne ya ji suna, hannun Bature ya rubuta. Haka suka rubuta Sakkwato "Soccatoo", Katsina kuma "Kashna". Ke nan ko da takarda a hannu, sai ka haɗa da nisan da aka faɗa, da kusurwar da aka nuna, da bakin tsofaffin yankin, kafin ka ce ga wurin.

Abokin tafiyarsa na farko, Dakta Walter Oudney, shi ma ɗan Sikotland, ya mutu a Murmur kusa da Katagum a watan Janairu 1824. Clapperton da kansa ya rubuta cewa ya sa an kewaye kabarin da katangar ƙasa saboda namun daji, ya yanka tumaki biyu aka raba wa mabuƙata. Mungo Park kuwa, wanda ya halaka a Kogin Kwara wajen Bussa a 1806, ba shi da kabari sam. Labarin ƙarshensa daga bakin jagoransa Amadi Fatouma aka samo shi bayan shekaru. Ɗansa Thomas bai gamsu ba, ya taso neman ubansa a 1827, zazzaɓi ya kashe shi a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Tsohuwar Bussa ma ruwan madatsar Kainji ya shanye ta a 1968. Mutum uku, ƙasa ɗaya ta haife su, kuma abin da aka sani game da ƙarshen kowannensu iyakarsa abin da shaida ɗaya ya faɗa aka rubuta.

Yanzu mu dawo gida. Mu Musulmi ba ma jinkirta jana'iza, ba ma gini a kan kabari. Tudun ƙasa ne, sai wani lokaci ɗan itace ko fasasshiyar tukunya. Damina biyar, shida, tudun ya kwanta. Ni ban ga aibu a nan ba, koyarwar addini ce, kuma mamaci addu'a yake buƙata, tana isa gare shi ko ba ka san ramin ba. Sai dai sanin shekarar da kaka ya rasu da garin da ya rasu yana da amfani ga masu rai. Duk wanda ya taɓa zama a zauren rabon gadon gona ya san haka: wa ya riga wa rasuwa, uba ne ko ɗa? Amsar wannan kaɗai tana iya sa wani reshe na gida ya ci gado ko ya tashi hannu wofi. Ga kuma zumunci da ya tsinke saboda ba wanda ya san cewa kakan ya bar 'ya'ya a Magarya ko Damagaram.

Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a gidansa na Daura ranar 15, duniya na kallo. Irin wannan ba ya ɓata. Sarakuna ma jerinsu a tsare yake. Talaka mai gona biyu a Sandamu ko Baure shi ne abin ji.

Matakin farko tsohuwar gidanku ce, kuma da dabara ake tambayarta. Kada ka je ka ce mata, "Wace shekara ya mutu?" Ba da lamba take lissafi ba. Ka gaishe ta, ka zauna, ka ce, "Goggo, lokacin da Malam ya rasu, wane sarki ke kan gado? An canja kuɗi ko ba a canja ba?" Daura ta yi sa'a a nan, domin sarakunanta sun daɗe, kuma shekarunsu sanannu ne. Turawa sun dawo da Sarki Musa daga Zango zuwa Daura a 1906. Sarki Abdurrahman ya hau a 1911 ya kai 1966. Sarki Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sai Mai Martaba Umar Faruk Umar. Zamanin Abdurrahman shekara 55 ne, ya yi faɗi, sai ka tsaga shi da wasu alamomi: yunwar Kakalaba 1914, annobar Marisuwa 1918, yunwar 'Yar Buhu 1927, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, kashe Sardauna a Janairu 1966. Bayan nan akwai canjin hannun tuƙi a 1972 da shigowar naira a 1973. Wata goggona da na yi wa irin wannan tambaya cewa ta yi, "Da sule da sisi aka yi masa sadakar uku, kuma ina goyon Ladi." Ka ga ta ba ni katanga biyu: kafin 1973, kuma shekarun Ladi sanannu ne. Sai ka ƙara da damina ce ko rani, kafin salla ko bayanta.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne suna. Alkunya ba ta barin mace ta kama sunan mijinta ko na surukinta, sai dai ta ce "Malam" ko "mai gidan nan". Mutum kuma ya shekara saba'in ana ce masa Tanko ko Ɗanjuma ko Mati, alhali sunan yankansa Abubakar. Takarda ɗaya ta ɗauki laƙabi, wata ta ɗauki sunan yanka, ka zaci mutum biyu ne. Saboda haka ka tattara duka: sunan yanka, laƙabi, sana'a, unguwa, sunan uba. Ka tambayi tsoho fiye da ɗaya, kowa shi kaɗai, kada ɗaya ya ja ɗaya.

Sai takardu, kuma nan ne zancen mayafin coci ya dawo. Mu ma muna da irinsa. Haraji. Duk namiji baligi ana rubuta shi, ana ba shi rasit, har zuwa 1979 da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ke ciki kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Ka buɗe tsohuwar adakar gidanku. Idan rasit ɗin kaka sun zo jere sun tsaya cak a wata shekara, ka sami alama. Kotunan alƙalai na zamanin En'e suna rubuta rabon gado saboda ushirar da ake cira, da sunan mamaci da na magada. Idan gidan malamai ne, ka duba bangon Alƙur'ani da gefen tsofaffin littattafai, sau da yawa za ka ga an rubuta haihuwa da rasuwa da ajami, da shekarar hijira. Juya ta ba wuya: ka ninka da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1385 za ta ba ka wajen 1965 zuwa 1966.

Wanda ke da hali ya leƙa Kaduna, akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, akwai kuma Gidan Arewa. Amma ka sani, a farkon mulkin Turawa Daura tana ƙarƙashin Lardin Kano ne, sai a 1934 aka kafa Lardin Katsina. Wanda ya tsaya kan fayilolin Katsina kaɗai zai rasa na shekarun farko. Gaskiya kuma takardun nan sun fi yin maganar hakimai da dagatai da ma'aikatan En'e, sunan manomi sai an dace. Littafin M. G. Smith a kan Daura, wanda ya fito a 1978, zai taimaka wajen gane wane gida ne ya bi sarauta zuwa Zango, wane ne ya zauna Baure, bayan jihadi ya raba masarautar. Idan kuma kakan ya ƙetare iyaka ta Kongolam ya rasu a Nijar, takardun can da Faransanci suke, Daura ma "Daoura" suke rubuta ta.

Akwai rukuni ɗaya da nake son matasa su sani, domin daga wayarka za ka iya farawa. Gidaje da yawa ana cewa wane ya tafi Yaƙin Bama bai dawo ba, shi ke nan labarin. Sojojinmu sun yi yaƙin ne a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917, tana da shafin intanet da ake bincike kyauta. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai bango mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Najeriya a ciki. Dabarar ita ce, lokacin ɗaukar soja sunan gari ake liƙa wa mutum a madadin sunan uba. Sai ka rubuta Daura ko Zango ko Katsina a gurbin suna na biyu, ka gwada sunan farko ta rubutu iri-iri: Audu da Abdu, Garba da Garuba, Mamman da Momo. Idan aka dace za ka ga lambarsa ta soja, bataliyarsa, da ranar da ya rasu. Na Yaƙin Duniya na Farko ya fi wuya. Hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a yi musu abin tunawa ba.

Na baya-bayan nan kuwa, tun 1992 doka ta wajabta rajistar mutuwa, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar. Mu dai mun fi zuwa karɓarta idan banki ko ofishin fansho ya tambaya.

Shi kabarin kansa, idan kana son ka tsaya a kansa ka yi addu'a, mutum uku za ka nema: wanda ya halarci jana'izar, limamin unguwa, da tsofaffin masu haƙa a maƙabartar. Su da bishiya suke kwatance, su ce gabas da tsamiyar nan, kusa da kabarin wane. Ka je da wanda ya sani, ka kunna rikoda a wayarka ya yi kwatancen da bakinsa, ka ɗauki alamar wurin a taswirar waya, ka rubuta ranar da sunan wanda ya nuna maka. Ka tura wa 'yan'uwa biyu ko uku, saboda waya tana faɗawa ruwa.

Nan za mu tsaya. Wanda ya gwada binciken sunan sojan Bama ya dace, ya ba mu labari a shiri na gaba. Sai an jima, a gaida mutanen gida.