AMSOSHIN WASIƘUNKU: Da Gaske Ne A Jamus Ana Biyan Mutum Don Ya Yi Jinyar Mahaifinsa?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce gardama ce ta kaure a rumfarsu. Wani ya ce a ƙasar Jamus gwamnati tana biyan mutum albashi saboda ya zauna gida yana kula da tsohonsa, sauran suka ce wannan zuƙi ta malle ce. Ya kuma ce sun ji an sauya tsarin, yana so a warware musu.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Abokinka yana da gaskiyarsa, amma da gyara wuri biyu. Kuɗin ba daga baitulmalin gwamnati suke fitowa ba, kana kuma ba a hannun ɗan ake danƙa su ba, tsohon ake bai wa.

Kafin shekarar 1995, idan tsufa ko ciwo ya kwantar da mutum a Jamus, shi da iyalinsa ke ɗaukar nauyin jinya. In fanshonsa da ajiyarsa sun ƙare, sai ya nemi agajin marasa galihu daga ƙaramar hukuma. Mutumin da ya yi shekara 40 yana aiki sai ga shi a layin neman taimako. A zamanin shugaban gwamnati Helmut Kohl ne ministan ƙwadago Norbert Blüm ya tsaya tsayin daka har aka kafa inshorar jinya. An soma karɓar kuɗinta ran 1 ga Janairu 1995, aka soma biyan masu jinya a gida ran 1 ga Afrilu na shekarar. Na gidajen tsofaffi sai a Yulin 1996 aka soma nasu, domin doka ta fifita jinya a gida.

Ka ɗauke ta kamar adashi na dole. Ana cire zubi daga albashi kowane wata, rabi daga ma'aikaci, rabi daga ubangidansa. Inda ta sha bamban da adashin kasuwa shi ne, ba kowa ke kwasa ba, sai wanda larura ta sama. Masu kamfanoni sun yi ƙorafi ƙwarai a lokacin, har sai da aka soke hutun wata ranar addu'a ta Kiristoci a duk jihohin ƙasar, ban da jihar Saksoni, don a rage musu asara. Zubin ya fara da kashi 1 cikin 100 na albashi, a 2025 ya kai kashi 3.6. Wanda ya haura shekara 23 bai da ɗa ko 'ya, nasa ya fi haka, tun daga 2005. Hujjar ita ce, masu renon 'ya'ya su ke tanadar masu zubin gobe.

Shi tsohon da ke gida zaɓi ake ba shi. In ya so, ma'aikatan jinya su riƙa zuwa suna yi masa wanka da sauran hidima, inshora ta biya su kai tsaye. In ya so, a ba shi kuɗi a hannu, shi kuma ya sallami wanda ke ɗawainiya da shi, ko matarsa ce, ko 'yarsa, ko maƙwabci. Yana kuma iya haɗa biyun. Kuɗin hannun nan su ne abokinka ya kira albashi. A 1995 Mak 400 ne, ko 800, ko 1,300 a wata, gwargwadon tsananin larura.

Yanzu sai sauyin da ka tambaya, kuma a nan nake so ka kasa kunne. A tsohon tsari da agogo ake awo. Jami'in lafiya zai zo gida ya lissafa minti nawa ake ɓatawa wajen wanka, da ciyarwa, da sa tufafi, da kai mutum banɗaki. In bai kai minti 90 a rana ba, babu ko sisi. Mataki na biyu awa 3, na uku awa 5.

To amma fa ka dubi dattijon da gigin tsufa ya kama. Ƙafarsa lafiya lau, yana cin tuwonsa da hannunsa, amma zai fita da tsakar dare ya ce zai tafi aikin da ya bari shekaru da dama, zai kunna murhu ya manta, wata rana ma ya kasa gane matarsa. Duk wanda ya taɓa riƙon irin wannan tsoho ya san ya fi na kwance wahalar tsaro, don ba ka da barci. Amma agogon jami'in bai ga wannan ba, tunda ba minti nawa aka yi ana yi masa wanka ba ne matsalar. Iyalai da yawa suna zubi, suna wahala, amma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. A ganina wannan shi ne babban aibin dokar farko, kuma an daɗe ana yi mata kwaskwarima kafin a taɓa tushen.

Ran 1 ga Janairu 2017 aka ajiye agogo. Matakai uku suka koma biyar. Tambayar jami'in ta zama: me wannan mutum zai iya yi wa kansa, me kuma ba zai iya ba sai da wani? Yana duba motsinsa, da hankalinsa da halayyarsa, da tsafta da cin abinci, da yadda yake shan magani, da yadda yake tafiyar da wuninsa. Ana ba da maki daga 0 zuwa 100. Mataki na ɗaya daga maki 12.5 yake farawa, na biyar daga 90. Waɗanda ke cikin tsohon tsari an mayar da su sabo ba tare da sake gwaji ba, doka kuma ta hana a rage wa kowa abin da yake karɓa.

Ga kuɗin hannu na 2025 a kowane wata: mataki na biyu Yuro 347, na uku 599, na huɗu 800, na biyar 990. Mataki na ɗaya ba shi da kuɗin hannu, sai ɗan tallafin Yuro 131 na biyan mai taya aikin gida da makamantansa. In ma'aikata aka zaɓa, abin da inshora ke biya ya fi yawa, daga Yuro 796 har 2,299. Mai jinyar da ke ba da akalla awa 10 a mako kuma ana zuba masa kuɗin fansho, in ya cika sauran sharuɗɗa. Wannan ya fi amfanar mata, don su suka fi barin aiki saboda iyaye.

Na san wani tuni ya soma juya Yuro 990 zuwa Naira ko Sefa a ransa. A yi hattara. Wanda ya kai mataki na biyar kusan komai sai an yi masa dare da rana, kuma waɗannan kuɗi ba su kai rabin albashin mai aikin cikakken lokaci mafi ƙarancin albashi a ƙasar ba. Tun asali ma ba a kafa inshorar don ta biya duka ba, ragowar daga aljihun tsohon yake fitowa. In ya kasa, hukumar agaji ta shiga. A da hukumar takan bi 'ya'ya su biya, amma daga 2020 sai ɗan da samunsa ya wuce Yuro 100,000 a shekara ake bi.

Nauyin kuwa ƙaruwa yake yi. A 1999 mutum miliyan 2 ne da 'yan kai ke buƙatar jinya a Jamus, a ƙarshen 2023 sun kai miliyan 5.7. Wani ɓangare na ƙarin tsufan jama'a ne, wani kuma sabon awon 2017 ne ya shigo da su. Kashi 86 cikin 100 a gida ake kula da su, akasarinsu a hannun dangi. Saboda haka zancen da akan yi a majalisa cewa Bature da ya tsufa sai gidan tsofaffi, a Jamus dai ba haka lissafi ya nuna ba.

Har ila yau Malam, ga masu 'yan'uwa a can: baƙo ba ya sauka yau ya soma karɓa gobe. Sai mutum ya yi akalla shekara 2 cikin inshorar a shekaru 10 da suka gabata. In kuma tsufa ya zo ya tattara ya dawo gida Nijeriya ko Nijar ko Gana da zama, kuɗin hannun sukan tsaya, domin a ƙasashen Tarayyar Turai da 'yan kaɗan maƙwabtansu kawai ake ci gaba da biya. Mai wannan niyya ya tuntuɓi ofishin inshorarsa tun kafin ya yanki tikiti.

A gai da 'yan rumfa. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.