Idan Doguwar Jinya Ta Raba Mutum da Aikinsa

Ranka ya daɗe dagaci, iyayenmu masu unguwanni, malamai, iyayenmu mata da 'yan'uwa matasa, barkanmu da wannan zama. Waɗanda suka taso daga Kibiya, Tarai, Fassi da Rano zuwa nan Unguwar Gai, sannunku da hanya, Allah ya ba da lada.

Maganar da aka ɗora mini ita ce ta mutumin da doguwar jinya ta zaunar. Kowa a nan ya san irinsa: malamin firamare da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, direban da ciwon suga ya taɓa wa ido, uwar gida da ke zaryar asibitin Malam Aminu Kano don wankin ƙoda. Mu mutane ne da suka iya dubiya, suka iya addu'a, kuma ba ma zuwa hannu rabbana. Inda muke da rauni shi ne tambayar abin da doka ta ajiye wa wannan bawan Allah, da ƙofar da ake bi a karɓo masa.

Bari in fara da mai albashi, domin shi ne yake da haƙƙi a rubuce, kuma shi ne ya fi yin asararsa. Asarar takan faru ne a ranar da ya bar aiki. Ciwo ya yi tsanani, sai ya daina zuwa ofis ba tare da takarda ba. Wata uku, wata shida, sai a zo tantance ma'aikata, ba a gan shi ba, a tsayar da albashi, a sa sunansa cikin waɗanda suka gudu daga aiki. Wani kuma kunya ce ke sa shi rubuta takardar ajiye aiki, yana cewa ba zai ci kuɗin da bai yi wa gumi ba. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ya toshe wa iyalinsa hanya. Wanda ya ajiye aiki da kansa daban, wanda likitoci suka tabbatar ba zai iya aiki ba daban, kuma doka ba ta yi musu hukunci ɗaya.

Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta ce ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai aikin kuma kashi 10, kuma a ƙa'ida ba a fara cin fansho sai mutum ya kai shekara 50. Amma dokar ta buɗe ƙofa ga mara lafiya: idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya shaida cewa ba zai ƙara iya aikinsa ba, yana da ikon cin fanshonsa ko bai kai hamsin ɗin ba. Wannan ya shafi ma'aikatan tarayya da na kamfanoni. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi irin Kibiya da Rano suna ƙarƙashin Asusun Fansho na Jihar Kano, wanda dokar 2006 ta kafa, kuma a can ma shaidar likitoci ce ke raba ritayar rashin lafiya da barin aiki kawai. Kowa ya san bashin giratuti ya taru a jiharmu har ya kai biliyoyin naira, kuma gwamnatin da ta hau a 2023 ta fara biyansa kashi-kashi. Ina roƙon masu tsara jerin biyan su sa majinyata a gaba. Mai lafiya zai iya jira, wanda ake yi wa wankin ƙoda ba shi da wannan damar.

Akwai wata doka da mutanenmu ba su cika jin labarinta ba, wato dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Mai aiki ne ke zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Idan rauni ko cuta ta samo asali daga aikin, kamar huhun da ƙurar masana'anta ta lalata ko kunnen da ƙarar inji ta kurmantar, ana biyan magani da diyya, kuma wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin ɗari na albashinsa duk wata. Sai dai dokar tana da wa'adi: a sanar da mai aikin cikin kwana 14, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Yaranmu da ke aiki a masana'antun Sharaɗa, Bompai da Chalawa, nawa ne daga cikinsu aka taɓa gaya wa haka? Ciwo ya kama su, a ba su kuɗin mota, su dawo gida. Hawan jini ko ciwon suga da ba aikin ne ya jawo ba, wannan dokar ba ta ɗauke su ba, kada wani ya yi muku alkawarin banza.

To, wannan duk na masu albashi ne, kuma su ne marasa yawa a cikinmu. Manomi, ɗan kasuwa, tela, mai sayar da ƙosai, ɗan acaɓa, idan ciwo ya kwantar da su babu wata hukumar tarayya da ke biyan su alawus na wata saboda sun kasa aiki. A Ingila ko Jamus akwai irin wannan, a nan babu. Mun san yadda abin ke tafiya: a sayar da akuya, a sayar da saniya, a jinginar da gona, a cire yaro daga makaranta. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita.

Duk da haka akwai abin da za a kama. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma a Kano hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda dokar 2016 ta kafa, ita ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi rajista su samu magani a asibitin mazaɓarsu. Ana neman lambar katin ɗan ƙasa, saboda haka kada a bari sai mutum ya kasa tashi sannan a fara neman yi masa kati. Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha ma tana nan tun 2003. Majinyacin da ya kasa nema matalauci ne, wanda bashin magani ya danne kuma yana cikin masu bashin da shari'a ta ba su rabo. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku faɗi wannan a kan mumbari lokacin girbi, domin zakkar hatsin da ake fitarwa a wannan yanki tana iya riƙe gidajen majinyata da dama idan aka san su aka rubuta su.

Kada kuma a ce alawus ɗin wata abu ne da ya fi ƙarfin jiha. Maƙwabciyarmu Jigawa ta fara biyan masu nakasa naira 7,000 duk wata a 2007, zamanin Sule Lamiɗo. Abin da Jigawa ta iya, Kano ba ta da uzurin kasawa, kuma wakilanmu na Rano da Kibiya a majalisar jiha su ne za mu tambaya.

Kafin hakan ta samu, akwai aikin da ke kanmu. Kowace unguwa tana da ɗan boko da ya san hanyar sakatariya. A ɗora masa ya zauna da iyalin majinyaci tun ciwo bai yi nisa ba, su tara katin asibiti, sakamakon gwaji, rasit na magani, takardar ɗaukar aiki da ta albashin ƙarshe, a yi kwafinsu. Duk wasiƙar da aka kai ofis a tsaya sai an buga wa kwafin hatimin karɓa da kwanan wata. Mata su san inda takardun mazajensu suke, domin idan harshe ya karye, su ne za a tambaya. Kuma kada kowa ya sa hannu a takardar ajiye aiki kafin kwamitin likitoci ya duba shi.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a fara da rubuta sunayen waɗanda ke kwance a kowace unguwa kafin kakar bana ta wuce. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.