Sitiyari ya yi tauri? Kar ka yi saurin canza famfo

Yau maganar sitiyari mai tauri za mu yi, irin wanda sai ka sa hannu biyu kafin ka sha kwana.

Kafin bakanike ya ce famfo ya mutu, fara da abu mai araha. Na farko, je wajen mai faci a auna iskar tayoyin gaba; in ta ragu, sitiyari nauyi yake yi. Na biyu, buɗe bonet ka duba man sitiyari. In ya sauka ƙasa da layin MIN, to wani wuri na yoyo, ƙari kawai ba magani ba ne. Kuma don Allah kar a zuba kowane mai: Toyota da yawa ATF suke sha, amma Honda nata daban ne. Na uku, in kana jin ƙara "ƙiiii" lokacin juyawa, bel ne ya saki ko ya cinye.

Amma fa Corolla 2009 zuwa sama sitiyarinta na lantarki ne, ba ya shan mai. Batir da fiyus za a fara dubawa.

In ya yi tauri kana cikin tafiya, sauka gefe ka tsaya. Rai ya fi mota. Sai shiri na gaba.