Uba a Bakin Fili



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne matsin da iyaye kan yi wa 'ya'yansu a sha'anin wasanni, da abin da wannan matsi yake haifarwa ga yaran. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan damuwar Turawa ce, mu nan kukan da muka sani shi ne na uban da ke hana ɗansa ƙwallo. Haƙiƙa haka abin yake a da, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure sun sha dorina saboda tamaula. To, amma zamani ya juya. Abin da muke so mu nuna shi ne, uban da ya hana jiya da uban da yake tilastawa yau halinsu ɗaya ne, domin babu wanda ya tsaya ya tambayi yaron a cikinsu.

Bari mu fara daga gida. A Bilbis da sauran garuruwan ƙasar Tsafe, haka kuma a Bunguɗu da karkarar Gusau, wasa a da mallakar yara ne. In kaka ta yi, an kai amfanin gona rumbu, farin wata ya fito, sai yara su taru a dandali su yi langa, su yi kokawa, sa'a da sa'a. Su ke raba kansu, su ke yin hukunci, su ke sasanta wanda ya yi fushi. Uba yana can zaure ko ƙofar masallaci, in ya ji labarin an ka da ɗansa sai dai ya yi murmushi. In ɗan fari ne ma, alkunya ba ta barinsa ya ambaci sunansa, balle ya tsaya a gaban jama'a yana yi masa kirari. Ko a dambe, wanda asalinsa gadon mahauta ne, kuma ya fid da zarata irin su Shago da Ɗandunawa waɗanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, makaɗa da 'yan kallo ne ke zuga ɗan wasa. Ba mu ce duk abin da ke cikin wannan tsari alheri ne ba. Akwai ɗan mahaucin da aka ɗaure wa hannu zuciyarsa ba ta so. Amma wannan tazara da kunya ta sanya tsakanin uba da fili ta ba yaro wuri guda a duniya inda zai iya faɗuwa ya tashi ba tare da ya koma gida ya ba da bahasi ba.

Kuɗi ne suka rushe wannan tazara. A kakar wasa ta 2009 zuwa 2010 Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars, daga nan ya tafi Holan, ya wuce Rasha, kuma a 2016 ƙungiyar Leicester ta Ingila ta saye shi a kan kuɗin da suka kai fam miliyan 16. Shehu Abdullahi, mutumin Sakkwato, ya dawo da lambar tagulla daga wasannin Olamfik na 2016. Duk wannan ya faru a idon magidanta, a gidajen kallon ƙwallo da suka cika garuruwanmu. Sai kuma ga rashin tsaro da ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu a wannan yanki namu. Mutumin da gonarsa ta gagare shi, ga iyali, ga yaro ɗan shekara 12 da unguwa ke cewa yana da ƙafa, ba abin mamaki ba ne in ya fara duban ƙafar nan kamar yadda yake duban san noma.

Domin mu ga inda wannan hanya take kaiwa, yana da kyau mu leƙa wurin waɗanda suka riga mu binta, suka kuma rubuta abin da ya same su. A Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda ba mu saba da shi ba: mutum ɗaya yana jefa ƙwallo mai tauri da iyakar ƙarfinsa, wani kuma yana tsaye da kulki yana ƙoƙarin doke shi ya ruga. A 1939 wani mutum mai suna Carl Stotz ya kafa wa yara gasar wannan wasa a garin Williamsport, aka kira ta Little League, kuma ta bunƙasa har ta zama gasar duniya da ake nunawa a talabijin. Yaran kuwa ba su wuce shekara 12 ba, amma manya sun ɗauki abin da zafi kamar yaƙi.

A gasar 2001 wani yaro mai suna Danny Almonte, haifaffen Jamhuriyar Dominika, ya yi wa wata ƙungiya ta unguwar Bronx jifa. A wasa guda yara 18 suka tsaya gabansa da kulki, babu ko ɗaya da ya tsira, kuma 16 daga cikinsu da jifa kawai ya fid da su. Ƙasa ta ɗauka, jaridu suka cika da hotonsa. Kafin wata ya zagayo sai bincike ya nuna an haife shi a 1987 ne, alhali takardar da ubansa ya gabatar ta ce 1989. Watau shekararsa 14, yana jifan 'yan 12. Aka soke duk nasarorin ƙungiyar, aka haramta wa uban shiga harkar gasar har abada. Ku lura da wanda ya ɗauki kayan. Uba ne ya shirya takarda, amma sunan ɗan ne ya zama abin misali in ana zancen maguɗi, kuma bai taɓa kaiwa babbar gasar ƙwararru ba. Sauran yaran ƙungiyar, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba, su ma an share musu abin da suka yi gumi a kansa.

'Yan'uwa, ba sai an yi mana fassarar wannan labari ba. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga wasannin matasa saboda saɓani a ranakun haihuwar wasu 'yan wasanmu, ta kuma ƙwace damar da aka ba mu ta karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009, da aka yi gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a nan Nijeriya, aka shigo da na'urar MRI mai ɗaukar hoton wuyan hannu, domin ƙashin wurin yana nuna ko girma ya ƙare. A 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa da 17 suka faɗi wannan gwaji ana gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ɗin ta fid da mu, mu da muka ɗauki kofin duniya na wannan rukuni a 2013 da 2015. An zagi hukuma, an zagi masu horarwa, kuma sun cancanta. Amma ragin shekaru ba a Abuja yake farawa ba. Yana farawa ne ranar da uba ko yaya ya kama hannun yaro ya kai shi inda za a yi takardar rantsuwa, ya ce masa, "In an tambaye ka, ka ce goma sha uku." Yaro kuwa ba ya musu da mahaifinsa. Daga ranar nan an koya masa cewa gaskiyar haihuwarsa ma abin ciniki ce, kuma zai riƙa ɓoye abokan ajinsa, da takardar firamarensa, har da ƙanensa wanda a takarda ya zama yayansa.

Sai kuma jiki. Likitocin Amurka, musamman Dokta James Andrews, sun daɗe suna kokawa a kan yadda ake kawo musu yara da jijiyar gwiwar hannu a lalace saboda yawan jifa, ciwon da a da sai a wurin ƙwararru ake ganinsa. A 2007 Little League ta kafa doka cewa yaro ɗan shekara 11 ko 12 kada ya wuce jifa 85 a yini, kuma dole ya huta kwanaki bayan haka. Abin tunani ne a ce sai da aka rubuta doka, aka zaunar da mai ƙirga, kafin manya su bar hannun yaro ya huta. Mu nan ba mu da mai ƙirga. Mun san wani yaro a wani ƙauye na ƙasar Tsafe da ya gurɗe a idon sawu ana saura kwana uku wani mai neman 'yan wasa ya zo daga Gusau. Ya ce, "Baba, ƙafata ba ta taku." Uban ya ce, "Tashi, namiji ba ya raki." Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ɗaure, aka ba shi ƙwayar kashe ciwo, ya shiga fili. Bai yi rabin sa'a ba aka ɗauko shi. Yau yana ɗingishi, kuma in ana wasa a filin makarantarsu sai ya canja hanya.

Wannan canja hanya shi ne babbar asarar, a ganinmu, ko da yake ba ta da hoto a asibiti. Yaron da ya san cewa abincin gida da fuskar mahaifinsa suna rataye a kan ƙwallon da zai buga, tsoro ne yake buga masa. Ba zai gwada yanka ba don kada a ƙwace, ba zai karɓi fanareti ba, in aka ci su laifin alƙalin wasa ne, domin ya ga ubansa yana zagin alƙali daga bakin fili. A ƙarshe ko dai ya bar wasan da ya taɓa so fiye da abinci, ko ya ci gaba da shi kamar aikin gayya da ba a gayyace shi da daɗi ba.

Ba za mu daɗe a kan 'yan damfara ba, domin labarinsu sananne ne: mutum ya zo da wasiƙa mai tambarin wata ƙungiya ta Turai, a sayar da fili ko shanu a ba shi, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin komowa, kunya kuma ta hana shi kira gida. Abu ɗaya kawai ya kamata kowane uba ya sani. Dokar FIFA ta hana a mayar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Shi kansa Ahmed Musa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya fara yi wa ƙungiyar VVV-Venlo wasa. Duk wanda ya ce zai kai ɗan shekara 14 Turai gobe, a tambaye shi ta wace ƙofa.

Adalci ya wajaba a nan, kada a ce ɗalibai sun taru suna koya wa yara raina iyaye. Jimmy Piersall, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Boston Red Sox, ya sami taɓin hankali a 1952 har aka kwantar da shi. A 1957 aka yi fim a kan rayuwarsa wanda ya nuna cewa uba mai tsanani ne ya kai shi ga haka, kuma tun daga nan ake kafa hujja da shi. Amma shi da kansa daga baya ya nuna rashin jin daɗinsa da yadda fim ɗin ya jibga wa mahaifinsa laifi, kuma ciwon nasa na likita ne. Ya warke ya ci gaba da wasa har 1967. Saboda haka ba kowace damuwa ta yaro ce za a ce uba ne sanadi ba. Uban da ke matsa wa ɗansa galibi ƙauna ce da tsoron talauci suka haɗu suka rufe masa ido, kuma biyayya ga iyaye wajibi ce da ba mu zo mu taɓa ba. Sai dai shi ma ɗa amana ne, kuma wanda aka ba ajiya ba ya jinginar da ita.

Yanzu sai mu juyo ga kanmu, domin wannan zaure cike yake da mutanen da takardun nan za su bi ta hannunsu. Waɗansunmu za su zama malaman firamare masu riƙe da rajistar aji, waɗansu akawun kotu, waɗansu ma'aikatan lafiya, waɗansu kuma suna ofishin ƙaramar hukuma tun yanzu. Wata rana wani dattijo, mai yiwuwa aminin mahaifinku, zai zauna gabanku da yaro a gefensa yana sunkuye, ya ce, "Ɗana, shekara biyu kacal za ka rage masa." Ƙin yi masa zai yi wuya, kuma za a ce kun yi girman kai don kun yi boko. Muna roƙon ku tuna cewa yaron da ke sunkuyen nan ba shi da bakin cewa a'a a wannan ɗaki, ku kuwa kuna da shi, kuna da hatimi kuma.

Daga ƙarshe muna gabatar wa wannan ƙungiya shawara guda, Malam Shugaba. A hutu mai zuwa, ɗalibai 'yan asalin Tsafe da Bunguɗu da Gusau su shirya wa yaran firamare ƙaramar gasa, in hali ya yi a fara da Bilbis. A raba yara bisa rajistar makarantarsu, kada a karɓi wata takarda daban. Yaron da ya ce yana jin ciwo a fid da shi nan take ba tare da an nemi izinin kowa ba. A shimfiɗa wa iyaye tabarmi a inuwa, a ba su ruwa da goro, a girmama su, amma a ja igiya tsakaninsu da layin fili. Kyaftin ɗin kowace ƙungiya kuma yara ne za su zaɓe shi da kansu.

Nan za mu dakata domin a ba masu tambaya dama.