Ƙarfin Mota Yana Ƙarƙashinta



Da yawanmu ƙauye za a tura mu aiki, inda hanya laka ce da rairayi. Abin da yakan karye wa tsohuwar Land Rover a can shi ne shaf na baya mai haƙora 10, wato sandar ƙarfen da ke juya taya. Series III mai dogon jiki kuwa an sa mata aksul na Salisbury, mai haƙora 24 da ƙarin kauri. In kaurin shaf ya ninku sau 2, juriyarsa ga murɗa takan ninku sau 8. Manyan tayoyi kuma wahala suke ƙara masa. Saboda haka kafin mu nemi manyan tayoyi, mu fara duba shaf, domin motar da ta kwana a daji ba ta kai majinyaci asibiti ba.